Barbarar Bayan Tamfol

"Matso, Mang Teroy, sa idonka a nan," in ji Dokta Salud, likitar dabbobi, ta ja baya daga madubin ganin ƙananan halittu, inda ta ɗiga maniyyin aladensa. "Rufe ɗaya idon. Ba ya cizo."

Teroy Macalintal, wanda ake kira Mang Teroy don girmamawa, ya cire hularsa ya duƙa. Da farko bai ga komai ba sai gashin idonsa. Can sai wani farin fili ya bayyana, cike da 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu wutsiya kamar talibambam.

"To, ai ga su nan rututu," ya ce, muryarsa har da 'yar taƙama.

"Rututu kam. Nawa ka ga suna tafiya?"

Ya sake leƙawa. Ɗaya na ta juyi a wuri guda kamar mashayin da ya ɓatar da ƙofar gidansa. Wasu 'yan tsiraru na kaɗa wutsiya, ba gaba ba baya. Sauran kuwa duk sun miƙe abinsu.

"Hutawa suke yi," in ji Teroy. "Tafiyar da muka yi da safen nan ce ta gajiyar da su."

Likitar ta zare gilashin ta sa wani, ta ce masa wannan maniyyin wani alade ne na babbar gona, irin wanda ake sayarwa a roba. Teroy ya leƙa, sai ya ga ana gudu ana ture juna kamar kasuwar Lahadi bayan an taso daga coci. Ya ɗago kai a hankali, ya leƙa taga. Can a tsakar gidan ofishin, cikin kejin ƙarfe da ke manne a gefen babur ɗinsa, Kwamanda na kwance a rana, baki buɗe, yana haki.

Duk wanda ya san garinmu Talang Munti ya san Kwamanda. Namijin alade ne ja jawur, ƙato, mai faɗin baya kamar teburin mahauta. Shekaru da dama ke nan, in macen aladenka ta fara neman barbara, Teroy kake kira. Ya kawo Kwamanda, a yi abin da za a yi, in ta haihu ya zo ya zaɓi ɗa guda ladansa. Duk ɗan aladen da ka gani ja a tsakanin nan da bakin tafki, ba sai ka tambayi ubansa ba. Shi kuwa Teroy, ɗan tsamurmurin dattijo ne wanda in ba don aladen nan ba, ko kujera ba wanda zai miƙa masa a wurin biki. Amma da zarar ya hau babur Kwamanda na gefe, sai ya zama wani mutum daban, kai ka ce shi ke yin aikin.

"Da wane lokaci kake fita da shi?" likitar ta tambaya.

"Da tsakar rana."

"Me ya sa?"

Ai Teroy ba zai ce mata lokacin ne kasuwa ta fi cika ba, kuma yakan bi ta gaban coci da shagon aski yana matsa hon, ko da gidan da aka kira shi na bayan gidansa ne. Kejin ma shi ya shafe shi da jan fenti don ya dace da mai shi, duk bayan 'yan watanni yana sabuntawa.

"Ɗakinsa fa? Da me aka rufe shi?"

"Kwano sabo fil! Na yaye ganyen kwakwar nan na talakawa tun bara. Ko ɗakinmu bai samu irin kwanon ba, tambayi matata Luming."

"Abinci?"

Nan fa ya samu abin faɗi. Ɗanyen ƙwai kullum safe, ragowar shinkafa da romo, kofi mai ƙarfi in za a fita aiki, kwalbar giya in an dawo.

Dokta Salud ta cire tabarau ta murza idanunta. "Mang Teroy, kai ba kiwon aladen nan kake yi ba, dafa shi kake yi a hankali. Zafi ne ke kashe ƙwayoyin nan. Ka sa shi a tanda a gida, ka sa shi a tanda a hanya, ka cika shi da kitse, sannan ka kai shi aiki kusan kullum. Ka mai da masa inuwa. Ka riƙa watsa masa ruwa, in da fanka ka sa masa. Ka ba shi abincin aladu na gaskiya. Ka bar shi ya huta kamar wata biyu, sababbi za su fito masu gudu. Daga nan sai fitar asuba."

"Allura fa?"

"Babu allura."

"Ko ta waje? Mai tsada?"

"Inuwa da ruwa, Mang Teroy."

Ransa ya ɓaci. Da ta rubuta masa magani mai dogon suna da ya fi jin daɗi, don mutum zai iya nuna kwalin magani a shagon aski. Amma inuwa? Ya mai da hularsa, ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Dokta, abin da muka gani a madubin nan…"

"Ni ban ga komai ba," ta ce. "Ai ba wanda ya motsa."

Matsalar ita ce gari ya riga ya fara gani ba tare da madubi ba. Tun shigowar zafin bana, macen alade bayan macen alade da Kwamanda ya hau sai ta sake neman barbara, babu ciki babu dalilinsa. Mai alade ya yi asarar abincin makonni, ga haushi. Isko mai aski har ya fara tambayar Teroy a gaban mutane ko ciwon na gida ne, daga wa ya kama wa. Wasu kuma sun koma wurin Rodel, mijin Neneng 'yar Teroy, wanda ke yawo a babur da 'yar kula cike da robobin maniyyi daga babbar gona. Teroy ya sha faɗa a bainar jama'a cewa namijin da ke ɗaukar ubanci a cikin kula, shi bai san sunan da zai kira shi ba. Rabonsa da taka gidan 'yarsa tun ranar da surukin nasa ya kafa allon talla a ƙofar gida, mai hoton wani farin alade yana murmushi.

Sai kuma Luming, matarsa. Jiya da magariba ta ajiye masa kwanon abinci ta ajiye magana a kai: "In aka sake samun wadda ba ta kama ba, mahauci zan kira. Ba zan ci gaba da ba ƙaton banza ƙwan da jikokina ba su samu ba." Luming kuwa ba ta maimaita magana, aikatawa take yi.

Teroy ya tayar da babur da niyyar bin bayan gari, karo na farko a rayuwarsa. Bai kai ga kwanar ba sai ga motar Kapitan Abdon, shugaban unguwarmu, ta tare hanya. Kapitan ya zuro kai da ƙaton zoben zinarensa.

"Teroy! Kai nake nema. Donya ta kafe tun safe, in ka danna bayanta ko motsi ba ta yi. Yau ne ranar."

Donya ita ce macen aladen Kapitan, baƙa wuluk, wadda yake ji da ita fiye da surukarsa.

"Kap, wato… Kwamanda yau yana ɗan…"

"Yana ɗan me? Kada ka ce min maganar Isko gaskiya ce. Surukinka ya zo min da robarsa jiya, na ce masa ni mutumin dā ne, abin da ban ga ubansa da idona ba ba zai shiga gidana ba. 'Ya'yan Kwamanda nake so in gasa wa jama'a a bikin gari. Kowa na tsakar gida yana jira, an buɗe giyar kwakwa."

Teroy ya dubi Kapitan, ya dubi aladen. In ya ce a'a, kafin yamma labari ya kai bakin tafki. In ya je, ya san abin da ya gani a madubi, kuma ya san wuƙar mahauci. Gaskiyar magana, ba sunansa kaɗai yake tsoro ba. Yana son dabbar nan. Tun yana ɗan jariri yake kwantar da shi a kwali kusa da murhu, kuma a duk garin nan Kwamanda ne kaɗai ke tashi tsaye in ya ji takunsa.

"Ina zuwa, Kap," ya ce. "Bari in ɗauko masa ƙwansa."

Ya juya babur ya nufi gidan da ya yi rantsuwa ba zai taka ba. Ya tsaya nesa sai da ya tabbata babur ɗin Rodel ba ya nan, sannan ya sunkuyar da kai ya wuce ta ƙarƙashin allon tallan, ko ɗaga ido bai yi ba. Neneng na shanya a tsakar gida. Ta saki rigar da ke hannunta, ta zo ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta, gaisuwar manya a garinmu.

"Tay! Lafiya? Nanay ce ba lafiya?"

"Uwarki lafiyarta lau, har ta yi yawa. Wani abokina ne ya aiko ni."

"Wane aboki?"

"Ba ki san shi ba. Daga ƙetaren tafki yake. Yana son abin nan na mijinki. Na ce masa shirme ne, ya nace."

Neneng ta dubi ubanta, ta leƙa waje ta ga Kwamanda na haki a keji. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar roba da dogon bututu, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tawul.

"Ka gaya wa abokin naka, Tay, kada rana ta taɓa shi. Kada ya jijjiga shi. Ya sa bututun a hankali yana murzawa hagu, ya ɗaga robar sama, kada ya matsa, ita za ta ja da kanta. In ya samu namiji ya tsaya a gabanta tana shinshinarsa, ya fi kyau. Ya kuma zauna a bayanta don ta ji nauyi."

"Ya zauna a bayanta?"

"Haka Rodel yake yi."

"Ai dama," in ji Teroy. Ya karɓe tawul ɗin ya cusa a kwandon ƙwai. Tana ƙoƙarin ƙara wata magana ya riga ya kai ƙofa, don ji yake kamar duk unguwar ta leƙo ta taga.

Waɗanda suka gan shi a hanyar gidan Kapitan sun yi mamaki. Yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da amarya, yana kauce wa kowane rami, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya riƙe da lema. Ba kansa ya rufe da lemar ba, ba kuma Kwamanda ba. Kwandon ƙwai ya rufe. Gatan da aladen bai taɓa samu ba a shekarunsa, 'yar roba ta same shi a rana ɗaya.

A gidan Kapitan maza sun cika benci a gindin mangwaro, kofin giya ɗaya na zagayawa daga hannu zuwa hannu kamar yadda aka saba. A garinmu barbarar Kwamanda kallo ce, har caca ake yi a kan daɗewarsa. Isko mai aski ya rufe shagonsa musamman.

"Ga ango ya iso!" in ji Isko. "Mang Teroy, wanne ne a cikinku zai fara gajiya yau?"

Aka kwashe da dariya. Teroy ya sauke Kwamanda, ya gyara murya.

"Kap, yau ba kallo. Daga wurin likita nake. Ta ce idon jama'a ne ke dagula masa lissafi. Ta ce dabba mai asali tana da kunya."

"Kunya?" in ji Isko. "Wannan da ya taɓa hawa buhun dusa a gaban Fada, limamin coci?"

"Girma ya zo masa," in ji Teroy.

Kapitan mutum ne mai son duk abin da aka ce likita ce ta faɗa. Nan take ya sa aka ɗauko tamfol ɗin yaƙin zaɓensa na bara, aka zagaye ɗakin Donya da shi. Sai ga fuskar Kapitan ta ko'ina, ƙatuwa, tana murmushi, babban yatsa a sama, a ƙasa an rubuta alkawarin yi wa jama'a aiki a fili.

Teroy ya shiga da aladensa da kwandonsa. Ɗakin Donya na ganyen kwakwa ne, ƙasan a jiƙe, iska na ratsawa. Kwamanda ya shiga, ya shinshini Donya sau ɗaya don sauke nauyi, sannan ya gano inda ruwa ya taru a kusurwa. Ya zube a ciki, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya lumshe ido.

"Tashi mana, don Allah," Teroy ya raɗa masa. "Ba aiki za ka yi ba, tsayawa kawai."

Ko kunne bai kaɗa ba. Dole Teroy ya lallaɓo Donya har hancinta ya kai ga nasa. Ta kafe. Ya warware tawul, ya sa bututun yana murzawa hagu, ya ɗaga robar sama. Sannan dattijo mai jikoki ya ɗaga ƙafa ya haye bayan macen aladen Kapitan, fuskarsa na kallon wutsiya.

"Shiru ya yi yawa a ciki!" Isko ya ƙwala daga waje. "Ko addu'a suke yi?"

Teroy ya miƙa ƙafa ya zunguri Kwamanda. Aladen ya yi gurnani cikin barci. Ya sake zungura, ya sake gurnani. Da ya ga bai isa ba, sai ya riƙa buga katangar katako da dunduniya, ya ƙara da nasa gurnanin, wanda shekarun zama tare suka sa ya iya ƙwarai. A waje aka ɗauki sowa. Wani ya ce ai dama ya faɗa, tsohon hannu daban ne. Robar na raguwa a hankali, gumi na zuba a idon Teroy, fuskar Kapitan ta cikin tamfol na yi masa babban yatsa.

Da ya fito, rigarsa sharkaf, Kwamanda na biye da shi a wartsake kamar wanda ya dawo daga hutu. Isko ya dube su.

"Ikon Allah. Alade ya yi aiki, mai shi ya yi gumi."

"Rufe mana baki, Isko," in ji Kapitan. Ya cika kofin da kansa ya miƙa wa Teroy, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗaga murya don maƙwabta su ji. "Ku shaida! Ranar bikin gari, kowa zai ga 'ya'yan Kwamanda a gidan nan, jajaye irin ubansu. Zan sa a zagaya da su kasuwa kafin a gasa. Masu roba kuma su je su ba 'ya'yan roba!"

Teroy ya shanye, ya ji giyar ta sauka har yatsun ƙafarsa. A hanyar gida ya bi ta gaban coci da shagon aski, ya matsa hon har sau ba adadi.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Luming na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti, wayarta a cinya. Ba ta ɗago ba.

"Donya ta kama," ya ce. "Ki rubuta ki ajiye. Ki gaya wa mahaucinki ya nemi wani aikin."

"Na ji. Neneng ta kira. Tana gaishe da abokinka na ƙetaren tafki."

Teroy ya tsaya da igiyar Kwamanda a hannu.

"Ta ce ta so ta gaya maka wani abu, ka fice kamar an biyo ka." Luming ta cire wani ɗan tsakuwa ta yar. "Teroy, shekara nawa kana wannan sana'a?"

"Ke kin sani."

"In farin namiji ya hau baƙar mace, 'ya'yan wane launi suke fitowa?"

"Farare mana. Farin nan ba ya barin wani launi ya…"

Bai ƙarasa ba. Allon tallan da ya wuce ta ƙarƙashinsa kai a sunkuye ya dawo masa, da farin aladen da murmushinsa.

"Ta ce duk na gonar farare ne tas," in ji Luming. "Ko ɗigon ja babu."

Ya zauna a kan turmin dusa. Kwamanda ya zo ya goga masa hanci a gwiwa, yana neman giyarsa ta bayan aiki.

"Na ce in ta kama zai rayu, kuma ban fasa ba," ta ci gaba. "Yana da daga yau har ranar da Donya za ta haihu, kusan wata huɗu ke nan. Neneng ta ce irin wannan matsalar wata biyu take ɗauka, ko? To ka samu har da rara. In ya gyaru kafin nan, wataƙila ka sami abin da za ka nuna wa Kapitan in ya zo da adda. In bai gyaru ba, ku biyun ku san inda za ku."

Teroy ya tashi ya shiga ɗakin kwanansu, ya cire fankar da ke gefen gadonsa, ya fito da ita yana jan waya. Ya kafa ta a ɗakin Kwamanda, ya ɗebo ruwa ya kwarara masa a baya. Ya jingina tsani a jikin sabon kwanon, ya shiga rumfar kaya neman guduma.

Ya daɗe a ciki. Luming ta ajiye farantin ta leƙa. Yana tsaye a gaban kanta, guduma a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan gwangwanin jan fentin da yake shafa wa keji, yana jijjiga shi a hankali don ya ji ko abin da ya saura zai ishi 'ya'yan Donya.

"Kada ma ka fara," in ji ta.